Gwaggo Ta Rasu, Kuma Ba Ta Bar Kwafi Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hancin da har yanzu bai rabu da warin ƙonanniyar waya ba, nake sanar da 'yan'uwa da abokan aiki, na kusa da na nesa, rasuwar sabarmu, wadda nake kira Gwaggo. Ta rasu ranar Talata da ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin na safe, a ɗakinta da ke saman kantin magani, tsakanin kwalayen auduga da wani firiji da ya riga ta tafiya, bayan gajeriyar jinya da doguwar wahala. Ta yi shekara goma sha biyar a duniya, bakwai tana bauta a wani banki, takwas a hannuna.

Dangin da suka ga wannan takarda suka fara salati suna tambayar wace gwaggon ce, su kwantar da hankalinsu, gwaggonninmu na jini duk suna nan da ƙafarsu. Wannan kwamfuta ce, babba, mai faɗi, ba allo ba madannai. Aikinta ta zauna a ɗaki ta riƙe wa mutane ajiya, ta miƙa wa duk wanda ya nema ta intanet, irinta ake kira sabar. Na so in bi sunanta da addu'ar da ake yi wa mamata, uwar 'ya'yana ta ce in ji tsoron Allah, ƙarfe ne. Na bari don a zauna lafiya, amma ni na san abin da na rasa.

Kafin in shiga lissafa kyawawan halayenta, akwai maganar da dole ta fito, domin an ba ni wa'adi zuwa Asabar. Maganar ta mutum biyu ce: Yaya, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, shugaban 'Yan Sannu, da Anti, yayar matata, shugabar 'Yan Gaggawa. Yau kwana uku ke nan kowannenku yana zaune hankali kwance, yana ganin kwafin aikinsa na shekara takwas yana can a ajiye a sabar ɗayan. Babu kwafi. Babu ma sabar ɗayan. Guda ɗaya ce tun farko, kuma ita ce wannan da ta rasu. Ina roƙonku ku karanta har ƙarshe kafin ku nemi takalmanku.

Ga wanda bai san mu ba, mu wasu bayin Allah ne da aka jarraba da son gina babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, mu raba ta kyauta, mu bar cikinta a buɗe kowa ya leƙa, ya gyara, ya ƙara. Ba albashi, ba ofis. Akwai malaman makaranta a cikinmu, akwai ma'aikaciyar jinya, akwai direban da ke rubuta gyara a cikin mota yana jiran fasinja. Da ƙungiya ɗaya ce, Yaya da Anti suka kafa ta tare, a taronta ma na fara ganin matata. Sai aka zo kan tambayar yaushe ya kamata a riƙa fitar da sabon zubi na manhajar. Yaya ya ce duk shekara biyu, bayan an gwada komai sau bakwai. Anti ta ce kullum, abin da aka gyara da safe ya isa hannun mutane kafin yamma. Ya ce mata wannan ba aiki ba ne, rawar kai ce. Ta ce masa kafin nasa ya fito, kwamfutocin da aka yi shi dominsu sun tsufa sun mutu. Aka tashi taron ba sallama, ƙungiya ta tsage biyu, kuma tun daga ranar ba su ƙara yi wa juna magana ba. Idan suka haɗu a falona sai Yaya ya dubi matata ya ce, "Ki gaishe mini da yayarki," alhali yayar tana zaune a kujerar da ke kallonsa.

A cikin wannan yanayi marigayiya ta shigo rayuwata. Ni mai gyaran kwamfuta ne, bankin nan ya sauya kayansa, aka ce in kwashe tsofaffin, na tsince ta a ciki da ranta. Labari ya isa kunne biyu a rana ɗaya. Yaya ya kira ni ya ce, "Auta, na ji ka samo mana sabar, Allah ya yi maka albarka." Ko tambaya bai yi ba. Da yamma Anti ta zo gidana da kanta, ta zauna ta gyara mayafi ta ce, "Mijin ƙanwata, ka san ban taɓa roƙonka komai ba, ko lokacin da ka zo nemanta ban wahalar da kai ba." To ku faɗa mini, jama'a, wa zan hana, wanda ya goya ni ko wadda ta ba ni mata?

Don haka na yi abin da masu sana'armu suka iya. Na raba cikinta biyu, kamar yadda ake raba ɗaki da labule, na ba kowane ɓari sunansa da adireshinsa. Na ce wa Yaya ta zama taku, su Anti sun samo tasu a wani gari. Na faɗa wa Anti haka nan, na juya sunayen kawai. Ba wanda ya ce zai zo ya gan ta. Mutanenmu haka suke, muddin na'ura tana amsa musu daga kan gadonsu, ba ruwansu ko a rijiya take. Mai Kemis, wata baiwar Allah da nake gyara wa kwamfutar kanti, ita ta ɗauki nauyin ɗaki da wutar lantarki, da sharaɗin a sa sunan kantinta a shafinmu. Da ta ga sunan ya fito a shafi biyu, cewa kawai ta yi, "Kai dai ka sani, ni ban ga komai ba."

Marigayiya mai haƙuri ce, mai riƙon amana, mara tsegumi. Shekara takwas tana ɗauke da abokan gaba biyu a ciki ɗaya, ba ta taɓa kai maganar wani wurin wani ba. Idan an kunna ta takan fara da "wuuuuuu," har kwalaben da ke ƙasa su yi ta rawa a kan kanta, sannan ta sauko ta zauna a kan "hmmmm" ɗinta na dattijai. Daga bakin ƙofa nakan san wa take yi wa aiki. Idan na ji "ƙir-ƙir-ƙir-ƙir" ba numfashi, 'Yan Gaggawa ne. Idan na ji "ƙit," aka daɗe, sannan wani "ƙit," to mutanen Yaya ne, suna gwada abin da suka gwada jiya.

Babban aikinta shi ne wanda muke kira girki, wato a tattara duk rubutun da mutane suka yi, ta narka shi ta mai da shi abin da za a iya ɗora wa kwamfuta. Aiki ne mai zafi, kuma ba ta taɓa yin rowar zafin ba. Mai Kemis ta shanya lemarta a bayanta damina takwas. Magen kantin ta haihu sau biyu a jikinta. Ni kaina na sha ɗora kofin shayi a kanta in je in dawo in tarar bai huce ba, abin da ba kowace kwamfutar zamani za ta yi maka ba.

A shekara ta biyu ne abin ya girme ni. Yaya, mutumin da ke kulle ƙofa ya koma ya taɓa ta sau biyu, ya ce hankalinsa ba zai kwanta ba sai an sami wuri na biyu, mai nisa, da za a riƙa ajiye kwafin aikinsu saboda tsaro. Ni kuwa ba ni da wuri na biyu. Bakina ya riga hankalina, na ce ai su Anti sun yi tayi, sun ce akwai fili a tasu sabar, kyauta, don zumunci. Yaya ya ce, "Ita ta faɗa da bakinta?" Na ce da bakinta. Ya ce, "To mu ba matsiyata ba ne. Ka ce ta kawo nasu mu ma mu riƙe musu." Na je na isar wa Anti rabin labarin, wato rabin ƙarshe. Ta cire tabarau ta daɗe tana goge shi, sannan ta ce, "Ashe dai yana da zuciya. Ka ce nasu ma ya zo."

Tun daga ranar, kowace safiya ƙarfe bakwai, kwafin 'Yan Sannu yakan tashi daga ɓarin hagu ya sauka a ɓarin dama, na 'Yan Gaggawa ya tashi daga dama ya sauka a hagu. Tafiyar ba ta kai taƙi ɗaya ba. Cikin minti biyu abin yake gamawa, har Yaya ya fara mamakin saurin layin, don haka na sa masa birki da hannuna, ya koma awa ɗaya da kwata. Lokaci-lokaci nakan katse shi da gangan, in rubuta musu cewa ana ruwa da iska a can garin. Ina neman gafarar duk wanda ya taɓa aiko da jaje saboda wannan ruwan.

Abin da ya biyo baya, wallahi, ban shirya masa ba. 'Yan Sannu suka ɗora tambarin 'Yan Gaggawa a shafinsu, a ƙarƙashin "Masu Ɗaukar Nauyinmu." Anti ta gani, ta ɗora nasu a nata shafin, ta ƙara masa girma. Yaya ya gani, ya sa aka zagaye nasu da zanen ado. Daga gasar tambari aka koma gasar alheri. Mutanen Yaya suka zauna wata uku suka gyara wa su Anti matsalar tsofaffin firintoci, wadda ta gagare su saboda ba su da haƙurin zama. Da aka gano wata ɓaraka da ɓarayin intanet za su iya shiga ta cikinta, mutanen Anti suka toshe ta kafin azahar, suka aika wa su Yaya gyaran da 'yar takarda: "Ga shi nan, ku gwada sau bakwai ɗinku, amma don Allah a yini ɗaya." Aka fara shiga zauren hirar juna na intanet ana gaisawa. Shugabannin biyu ne kawai suka ci gaba da gaisuwa ta bakin matata, sai dai gaisuwar ta ƙara tsawo, har da tambayar ciwon ƙafa.

Har lacca Yaya ya gabatar a wani babban taro na masu irin aikinmu, a kan yadda ƙungiyoyi biyu masu saɓani za su ɗauki nauyin juna. Ya ɗaga yatsa ya ce, "Kada ka kuskura ka ajiye kwafi a ɗakin da asali yake." Ni nake juya masa hotuna a majigi. Akwai taswira mai ɗigo biyu da doguwar kibiya a tsakani, ni na zana ta. Aka yi ta tafi, ni ma na ajiye linzamin kwamfuta na tafa. Anti ta yaɗa bidiyon a zaurensu ta rubuta, "Dattijo ya yi magana."

Kada a ce ban yi ƙoƙarin mai da ƙaryar gaskiya ba. Sau ɗaya na lallaɓo wani kamfani ya yarda zai ɗauki nauyin 'Yan Sannu da sabuwar sabar fil. Yaya ya rubuta musu doguwar wasiƙar godiya, ya ce muna da masu riƙe mu, karɓar wata zai zama cin fuska gare su. Na juya kamfanin wajen Anti. Ita layi ɗaya ta rubuta, ta ce a kai wa mabuƙata, su suna da 'yan'uwa. Ranar na hau ɗakin Gwaggo na zauna a kan kwali, na dafa ta na ce ki yi haƙuri, ni da ke ne. Ta ce "hmmmm."

Ciwon ajalinta ya faro ne bara. Fanka ɗaya ta fara tari, "kar-kar-kar," na ɗiga mata mai ta yi shiru. Sai wata 'yar jar fitila ta kama a goshinta, tana rakiya da "tiit, tiit" duk bayan minti biyar. Na sauka ƙasa na karɓo filasta wurin Mai Kemis na liƙe fitilar, na cire wayar ƙarar. Na san ba magani ba ne, amma ya rage mini faɗuwar gaba. Abin da ya raya ta har zuwa bana shi ne ban taɓa bari girki biyu ya haɗu a kanta ba. Na gaya wa Yaya cewa a binciken da na yi, na'ura ta fi lafiya ranar Litinin. Na gaya wa Anti duk ranar da ta ga dama ban da Litinin, saboda wutar garinmu ba ta da ƙarfi a ranar. Da wannan dabara muka yi shekaru ba wanda ya taka wani.

Zumunci ne ya kashe ta, kuma ina so a rubuta haka. Ma'aikaciyar jinyar nan ta 'Yan Sannu da direban nan na 'Yan Gaggawa suka kawo shawara cewa bana ƙungiyoyin biyu su fitar da babban zubi rana ɗaya, sa'a ɗaya, don duniya ta ga haɗin kai. Aka kai wa shugabanni ta hannun matata, duka suka amince. Na tashi tsaye na yi adawa. Na ce Talata ba ta da kyau, na ce zafi ya yi yawa, na ce a jira baɗi. Yaya ya ce, "Auta, sabar biyu ce, kowa da tasa, a gari biyu. Ina ruwan wata da wata?" Anti kuma ta aiko a tambaye ni ko baƙin ciki nake yi da shirin da ake samu.

Ranar Talata ƙarfe goma aka danna maɓallin girki daga ɓangarorin biyu. Ina wurin tun tara, da fanka biyu na tsaye da na ciro daga gidana, da ƙanƙarar da Mai Kemis ke adana allurai da ita. Marigayiya ta karɓi aikin ba musu, yadda ta saba. Ta yi "wuuuuuu," ta ƙara "wuuuuuu" a kan na farko, wani sauti da ban taɓa ji daga bakinta ba. Na ji "ƙir-ƙir-ƙir" da "ƙit, ƙit" suna fita tare a karo na farko, kuma in faɗi gaskiya, sun dace da juna. Ɗakin ya yi zafi har magen ta kwashe 'ya'yanta ta fita. Ina yi mata fifita da murfin kwali, ina cewa Gwaggo daure, saura kaɗan. A wayata saƙonni suna ta shigowa daga zaurukan biyu, ana taya juna murna. Sha ɗaya da minti ashirin ta ce "fat!" Wani siririn hayaƙi ya fito ta bayanta, fankokinta suka yi ta lafawa ɗaya bayan ɗaya. Mai Kemis ta leƙo daga matakala ta dube ni, ta dube ta, ta ce, "Sai haƙuri. Ka buɗe taga, kada warin ya kama mini auduga."

Na kwashe faifan ajiyarta guda huɗu na kai shagona, na yi yini biyu a kansu da duk abin da na sani da wanda na tambayo. Wutar da ta kashe ta ta bi ta cikinsu duka. Asali da kwafi sun tafi tare, suna maƙwabtaka kamar yadda suka rayu.

Yanzu ga abin da ya hana ni cin abinci. Da labari ya bazu cewa sabar biyu sun tsaya a minti ɗaya, ba wanda ya yi zargin komai, aka ce ikon Allah. Yaya ya ɗauki waya da hannunsa ya rubuta wa Anti, ba ta hannun kowa ba, karo na farko a shekara takwas: "Mun ji taku ma ta tsaya. Kada ki damu da namu kwafin, a fara tayar da taku." Ta amsa masa: "A'a Yaya, ku ne manya, taku za a fara." "Yaya" fa ta kira shi. Ya kira ni ya karanta mini saƙon sau biyu, sannan ya ce, "Auta, zo ka ɗauki motata ka tafi can garin ka taimaka musu. Mutanen nan shekara shida suna riƙe mana amana, ba su taɓa yi mana gori ba."

Na karɓi makulli, na tuƙa motar na zagaya bayan kantin magani na kashe ta, na zauna a ciki. Ba zan ɓoye ba, kuka na yi. A nan uwar 'ya'yana ta same ni, ta zo sayen maganin tari. Ta ƙwanƙwasa gilashi ta ce, "Baban yara, nan ne can garin?" Na faɗa mata komai. Ta yi dariya har sai da ta riƙe ƙofar mota, ta ce in maimaita mata wajen ruwa da iska. Sai kuma ta tsaya cak ta ce, "Ka san shekara nawa ina ɗaukar gaisuwa daga wannan kujera in kai waccan? Jiya ta kira shi Yaya. Idan suka ji wannan magana a bakin wani, ka rusa mini gida biyu. Zuwa Asabar, ko ka faɗa ko in faɗa." Ni kuwa ba ni da ƙarfin halin kallon idonku, shi ya sa na ɓuya a bayan gawa.

Marigayiya ta rasu ta bar fanka shida, biyu daga ciki da sauran numfashi. Ta bar igiyoyin wuta guda biyu, da filasta ɗaya da har yanzu ke goshinta. Ta bar mage da 'ya'ya huɗu, waɗanda tun Talata suke kwana a kan cinyar mai gadin kantin. Ta bar dubban masu amfani da manhajar 'Yan Gaggawa, waɗanda ke danna neman sabon zubi duk bayan minti goma, wasu har sun fara hira da iyalansu. Ta kuma bar masu amfani da ta 'Yan Sannu, waɗanda har yanzu ba su lura an yi rasuwa ba, kuma ba a sa ran za su lura kafin baɗi. A bi su a hankali wajen faɗa musu.

Game da gado, ba duka aka rasa ba. Da yake aikinmu a buɗe yake, duk wanda ya taɓa gyara wani abu yana da guntun aikin a kwamfutarsa. Na zauna na bi sawu, kuma ga abin da na gano. Saboda shekarun nan da kuka yi kuna gasar yi wa juna alheri, kusan kashi ɗaya cikin uku na aikin 'Yan Sannu yana hannun 'Yan Gaggawa, haka na 'Yan Gaggawa yana hannun 'Yan Sannu. Babu ƙungiyar da za ta iya tashi da abin da ke hannunta kaɗai. Wannan kam ba ni na ƙulla shi ba, da na iya irin wannan dabara da ban ƙare a gyaran kwamfuta ba.

Yaya, Anti, ƙaryar tawa ce, kuma na ɗauka. Tayin farko ni na ƙirƙira shi, garin ni na gina shi, ruwan ni na saukar. Amma ba ni na ce mu ba matsiyata ba ne, Yaya ne. Ba ni na bar abinci ya huce ina toshe wa wasu ɓaraka ba, Anti ce. Wasiƙun da kuka kori kamfani da su ba rubutuna ba ne, ni da za ku karɓa ma da na fi kowa murna. Ina jin tsoro, kuma ba marin nake tsoro ba, na ci mari a hannun Yaya tun ina ɗan firamare. Tsorona ku ce tunda tushen ƙarya ne, duk abin da aka ɗora a kai ma a rushe, ku koma zama a falona kuna kallon bango.

Za a yi jana'iza gobe Asabar da ƙarfe goma na safe, daga ɗakinta da ke saman kantin magani zuwa wurin masu sayen tsofaffin ƙarafa da ke ƙarshen layi. Ana roƙon kowane ɗan ƙungiya, na Sannu da na Gaggawa, ya zo da kwamfutarsa da abin cajinta, domin daga wurin za a zauna haɗa gado. 'Yan Sannu su fito tun takwas don su iso a kan lokaci. 'Yan Gaggawa kada su zo kafin a buɗe kanti. Mai Kemis ta ce ɗaki da wuta suna nan ga duk wadda za ta gaji marigayiya, amma ban da ɗaga murya, akwai marasa lafiya a ƙasa. Daga yau kuma, duk wanda ya ce ya samo mana sabar, ko ni ne, a tashi mutum biyu su je su gan ta da ido, su taɓa ta, su ƙirga ko guda nawa ce.

Saura ɗaukar gawa. Marigayiya tana da nauyin buhun siminti, kuma mariƙi biyu gare ta, ɗaya a kowane gefe. Ni bayana ya daɗe da lalacewa, likita ya hana ni ɗaukar kaya, don haka iyalai sun yanke cewa waɗanda ta yi wa bauta su za su sauko da ita: Yaya a mariƙin hagu, Anti a na dama. Matakalar tana da ƙunci, hawa goma sha bakwai ce da kwana ɗaya a tsakiya. Dole ɗaya ya sauko da baya, ɗayan yana faɗa masa inda zai sa ƙafa, kuma matata ta ce ba za ta tsaya a tsakani ta isar da saƙo ba, ba ma wurin tsayawa. Mai sauri sai ya jira, mai nawa sai ya ɗaga ƙafa.

Ni zan tsaya a ƙasan matakalar, ba zan gudu ba. Sai dai ina tunatar da ku, duk wanda ya saki nasa mariƙin don ya riga kawo mini mari, a kan ƙafar ɗan'uwansa za ta faɗi.

Sanarwa daga ƙaninku Auta, mai gyaran kwamfuta, a madadin Mai Kemis, da mage, da sauran masu jimami.